Ƙarfen Da Ba A San Asalinsa Ba

A shekarun da na yi ina zuwa hira rumfar wani tsohon maƙerin fari a cikin birnin Kano, Allah Ya jiƙansa, na ga mutane iri-iri suna kawo masa abin da suka tsinta ko suka gada domin ya faɗa musu haƙiƙarsa, amma wanda ya fi zauna mini a rai shi ne wani saurayi ɗan gwangwan da ya zo wata rana bayan la'asar, buhu a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Ya durƙusa ya gaida tsohon, sa'an nan ya kwance wani ƙullin tsumma, ya fito da guntun ƙarfe rawaya mai ƙyalli kamar girman babban yatsa, ya ce, "Baba, don Allah a duba mini wannan. Abokina ya ce zinariya ce, mai sikeli kuwa ya ce biras ne." Tsohon ya jinjina shi a tafin hannu, ya kusanta masa maganaɗisu, ya ɗauki magagari ya ɗan ci gefensa, ya goga shi a kan wani baƙin dutse mai santsi, ya ɗiga wa zanen ruwan gwaji daga wata 'yar kwalba; nan take zanen ya yi kumfa kore, ya ɓace. Ya ce, "Ɗana, tagulla ce." Har yaron ya fara tattara tsummansa, jiki a sanyaye, sai idon tsohon ya faɗa kan wani tsohon cokali da ya yi baƙi ƙirin, wanda yaron ya jefa cikin ƙullin don cika nauyi. Ya murza shi da toka, ya juya bayansa, ya nuna masa lamba 925 da aka buga a gindin mariƙin, ya ce masa, "Wannan kuwa azurfa ce ta gaske, kada ka bari a auna maka ita a kuɗin sanholo."

Na kawo wannan labari ne domin a cikinsa mas'alar da nake nufin magana a kanta take kwance gaba ɗaya. Dubban samari a garuruwanmu, tun daga Fanteka ta Kaduna har zuwa kasuwannin gwangwan na Kano da Legas da Ankara ta Ghana, suna cin abinci daga tarkacen ƙarfe, suna wuni suna jan kura a rana, alhali mafi yawansu ba su da wata hanya ta sanin abin da ke hannunsu in ban da bakin wanda zai saya. Shi kuwa mai saye, ko da mutumin kirki ne, maslaharsa tana cikin a kira ƙarfen da mafi ƙasƙancin sunansa. Idan kuma yaron ya gaji da zargin ana cutarsa, ya ce bari ya gwada da kansa, sai ya faɗa hannun masu koya masa dafa ƙarfe da asid da zaiba a cikin ɗakin da yake kwana. Ra'ayina shi ne, ilmin gwajin ƙarfe haƙƙi ne na mai sayarwa kamar yadda yake na mai saye, kuma wajibi ne a fito da shi fili, a yi shi gaban kowa, a kuma san iyakar da hannun wanda bai ƙware ba zai tsaya.

Babu shakka akwai ma'adinai masu daraja a cikin tarkace, wannan ba tatsuniya ba ce. Allon cikin waya da na kwamfuta, wanda ake kira fanel, yana ɗauke da zinariya a kan haƙoran da ke haɗa wuta, domin ita ba ta tsatsa. Manyan makunnan lantarki suna da 'yan ƙwayoyin azurfa a inda suke haɗuwa. Tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti akwai azurfa a jikinsu. Abin nan kuma da ke cikin salansar mota, wanda makanikai suke kira indomi saboda kamarsa, an shafe shi da filatinom da faladiyom da rodiyom. Sai dai adadin shi ne abin da ba a faɗa wa yaranmu. Zinariyar da ke cikin waya guda ba ta wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na giram ba, watau sai an tara waya wajen 30 kafin a yi zancen giram guda, shi ma in an iya cire shi duka, abin da ba ya yiwuwa a tukunyar bayan gida. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dukiya ce mai yawa idan aka tara ta a masana'anta, amma a hannun mutum guda ƙura ce.

Daga rashin sanin adadi ne jita-jita take samun gindin zama. An daɗe ana yaɗa cewa akwai wata jar zaiba a cikin tsohon keken ɗinki, ko dutsen guga na gawayi, ko agogon bango, wadda wai Turawa ke saye da miliyoyi. A shekarar 2009 wannan magana ta tashi a Saudiyya har mutane suka yi ta rububin kekunan Singer, kuma har yau ba a sami wanda ya nuna wannan jar zaiba a gaban masana ba, domin babu ita. Haka ake ruɗar mutane da kwabo mai huji da anini, alhali jan ƙarfe ne da nikel, na baya-bayan ma tagulla ce. Abin da yake gaskiya a sha'anin kuɗin da shi ne, sule da fataka na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma buga su da tagulla. Liyari kuwa, mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, wanda kakanninmu mata suke ratayawa, nauyinsa giram 28 ne, kashi 833 cikin 1000 nasa azurfa. Wanda ya san wannan kaɗai ba za a karɓe masa gadon uwarsa a kuɗin goro ba, ba kuma za a sayar masa da kwabo a kuɗin gona ba.

To, yaya ake gane ƙarfe? Masu sana'a na gaskiya suna farawa da gwajin da ba ya ɓata kaya, ba ya cutar da mai yi. Ido ne na farko: a wanke ƙarfen, a nemi hatimi. Lamba 750 tana nufin ƙirati 18, 875 ƙirati 21, 916 ƙirati 22, domin zinariya tsantsa ƙirati 24 ce. 925 kuwa ta azurfa ce. Haruffan GP a jikin sarƙa suna nufin ruwan zinariya aka yi mata, EPNS a bayan cokali kuma ruwan azurfa ne a kan farin ƙarfe. Hatimi shaida ne guda, kuma ana yin na jabu, saboda haka ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Sai maganaɗisu: duk abin da ya manne masa ba zinariya ba ne, ba azurfa ba ne; amma rashin mannewa ba hujja ba ce, tun da tagulla da dalma da sanholo su ma ba su mannewa. Sai magagari, wanda ke tona asirin rufi, domin ruwan zinariya bai kai kaurin gashi ba, da an ci gefe kaɗan za a ga ja ko fari ya leƙo daga ciki. Dalma kuwa farce ma yana kartarta, tana kuma zane a takarda kamar fensir.

Gwajin da na fi so a koya wa kowane ɗan gwangwan shi ne na ruwa, domin ba ya bukatar komai sai ƙaramin sikelin giram irin na masu sayar da gwal, da kofin ruwa, da zare, kuma domin malaman Musulunci sun yi masa hidimar da ya kamata mu sani. An ce asalinsa daga Arkimidas na Sirakusa ne, wanda sarki ya ba kambi ya bincika ko maƙeri ya yi masa algus; amma Abu Raihan al-Biruni, mai littafin al-Jamahir a kan sanin jauhari, shi ya ƙera tulu mai bututu wanda yake auna ruwan da ƙarfe ya ture, ya fitar da nauyin zinariya da azurfa da dalma da ƙididdigar da ta yi kusa ƙwarai da ta masana na yau, sa'an nan al-Khazini ya zo a birnin Marwa wajen shekarar 1121 ya rubuta Mizanul Hikma, inda ya siffanta ma'aunin da ke rarrabe tsantsa da gauraye ba tare da an narka ba. Asalin hikimar shi ne, kowane ma'adini yana da nauyin da Allah Ya ƙaddara masa gwargwadon girmansa: zinariya ta ninka ruwa sau 19.3, dalma 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9, tagulla wajen 8.5, sanholo 2.7. Sai a auna ƙarfen a busashe a rubuta; a ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mayar da shi sifiri; a ɗaure ƙarfen da zare a nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, a rubuta abin da sikeli ya nuna; sa'an nan a raba lambar farko da ta biyu. In guntun ya yi giram 85 a busashe, ya nuna 10 a ruwa, amsa 8.5 ce, tagulla ke nan komai ƙyallinta. Da zinariya ce mai wannan girma, da giram 193 za ta yi. Zinariyar ƙirati 18 tana faɗowa wajen 15 zuwa 16, ta 22 kuma kusa da 18. Wannan lissafi ɗan aji huɗu na firamare zai iya shi.

Shi ma yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. Abin da yake da rami a ciki, kamar awarwaro mai kogo, ko abin da aka dasa wa duwatsu, zai ba da amsar ƙarya. Akwai kuma wani ƙarfe mai suna tangistin wanda nauyinsa ya yi daidai da na zinariya har ba a iya rarrabe su a ruwa, shi ne manyan 'yan damfara ke rufewa da zinariya su sayar a matsayin sanda.

Daga nan sai dutsen gwaji, wanda Larabawa ke kira mihakku, irin wanda na gani a hannun tsohon nan. Ana goga ƙarfen ya bar zane, a goga zinariyar da aka san ƙiratinta kusa da shi, a ɗiga asid na nitirik a kan zanen biyu; asid ɗin yana cinye jan ƙarfe da tagulla da azurfa, amma ba ya iya zinariya, saboda haka zanen da ya tsaya shi ne na gaskiya, kuma daga yadda ya dusashe gwani yake ƙiyasta ƙirati. Zinariya ba ta narkewa a asid ɗin nan shi kaɗai, sai a wani haɗin asid biyu da magabata suka yi wa laƙabi da ruwan sarauta. A nan ne nake ganin iyakar ta zo: dutse da ɗigo guda a kan zane aikin maƙeri ne wanda ya san kwalbarsa, ya san inda iska take kaɗawa, abin da ya wuce wannan na ɗakin gwaje-gwaje ne. A yau akwai na'ura mai kamar ƙaramar bindiga wadda ake ɗora wa ƙarfe ta haska shi, cikin daƙiƙoƙi ta lissafa ma'adinan da ke ciki da kasonsu, sai dai fatar ƙarfen kawai take karantawa, don haka mai kaurin rufi yana iya yaudararta in ba a fara cin gefensa da magagari ba. Hukunci na ƙarshe, wanda masu tace zinariya na duniya suke dogara da shi har yanzu, shi ne na wuta: a narka ɗan samfuri tare da dalma a cikin kasko na tokar ƙashi, kaskon ya shanye dalmar da sauran ƙazanta, ƙwayar ma'adini mai daraja ta rage a auna ta.

Wani zai ce, ai wannan duk sha'anin kasuwa ne, kowa ya yi ta kansa. Shari'a ba ta ce haka ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Fadalatu ɗan Ubaidu, Allah Ya yarda da shi, ya sayi abin wuya a ranar Khaibara a kan dinari 12, wanda aka haɗa zinariya da duwatsun ado a cikinsa, da ya rarrabe sai ya tarar zinariyar da ke ciki ta fi dinari 12. Ya kai maganar ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, sai ya hana a sayar da irinsa kafin a rarrabe. Asalin hukuncin a babin riba yake, watau musayar zinariya da zinariya, amma duk mai hankali zai ga yadda shari'a ta ƙi a bar adadin ma'adini mai daraja a ɓoye cikin tarkace a yayin ciniki. Fuƙaha'unmu na Malikiyya kuma, da suka halatta cinikin juzafi, watau sayar da tsibi ba tare da awo ba, sun shardanta cewa mai saye da mai sayarwa su zama daidai a rashin sanin adadin. In ɗaya ya sani ya ɓoye, to an shiga garari da yaudara. Ina roƙon dillalan gwangwan, waɗanda da yawansu mutane ne masu salla a sahun farko, masu fitar da zakka, su dubi wannan da idon basira: wanda ya ga 925 a bayan cokali, ya yi shiru, ya jefa shi a sikelin sanholo, me zai kira abin da ya ci? Ko zakkar ma ba ta lissaftuwa sai da wannan ilmi, tun da nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ya wuce hasarar kuɗi. Jan hayaƙin da ke tashi idan an zuba fanel a cikin asid yana ƙona huhu, kuma sharrinsa shi ne mutum yana iya tashi garau, sai bayan sa'o'i numfashi ya sarƙe. Zaibar da ake kama zinariya da ita, in aka gasa ta a wuta, tururinta yana shiga ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana kuma zama a bangon ɗaki yana bin mata da yara. Dalma kuwa mu ba sai an ba mu labarinta ba: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta, saboda niƙan dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, kafin nan, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun rasu a Caroy, bayan garin Dakar na Senegal, inda iyayensu ke fasa tsofaffin baturan mota suna tankaɗe ƙasa don fitar da dalma.

Akwai kuma abin da ba ya wari, ba ya hayaƙi. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka kwance kan na'urar gasa ciwon daji, suka kai gida suka huda shi, suka sayar wa mai gidan gwangwan. Da dare ya ga wani gari a ciki yana haske shuɗi, ya ɗauka abu ne mai daraja, ya shigar da shi gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara shida ta ci abinci da hannun da ta taɓa shi. Sinadarin siziyom ne mai tururin nukiliya. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinyar da matar mai gidan, wadda ita ce ta gane cewa wannan abu ne ke kwantar da iyalinta, ta sa shi a jaka ta kai wa ma'aikatan lafiya. An sami mutum 249 da ya taɓa, aka gwada fiye da 100,000, aka rushe gidaje. Irin wannan ya sake faruwa a Tailan a 2000, da kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010. Mu ma muna da asibitoci da kamfanonin mai da na gine-gine masu amfani da irin waɗannan na'urori, muna kuma da yankunan da yaƙi ya bar harsasai da bama-baman da ba su tashi ba. Saboda haka duk gwangwanin da ya yi nauyi fiye da girmansa, an rufe shi ruf, balle in yana da alamar fanka mai fiffike uku a kan rawaya, kada a kai masa guduma, kada a kwana da shi. A nisance shi, a sanar da hukuma.

Abin da nake kira gare shi ba sabo ba ne a wurinmu. Garuruwan Musulmi sun san muhtasibi, mai duba mudu da ma'auni da aikin maƙeran zinariya. Ingila ta kafa dokar buga hatimi a kan azurfa tun 1300. Indiya ta wajabta hatimin hukuma a kan kayan zinariya a 2021. Kowace babbar kasuwar gwangwan tana da ƙungiya da shugabanni da kuɗin shiga, don haka ba zai gagare ta ba ta keɓe rumfa guda, ta zaunar da amintaccen mai gwaji wanda ba ya saye, ba ya sayarwa, ladansa ƙayyadadde ne ko ƙarfe ya fito zinariya ko ya fito dalma, a ba shi sikelin giram da maganaɗisu da dutse, gwamnatin jiha kuma ta taimaka da na'urar haskawa da ta gano tururin nukiliya a bakin ƙofa, kwalejojin kimiyya da fasaha su horar da shi. Na san wasu dillalai za su ce wannan zai rage musu riba. Zai rage wadda ake samu daga jahilcin yaro, amma zai tsare su daga sayen tangistin a kuɗin zinariya, zai kuma kawo musu kayan da yanzu ake ɓoyewa ana kaiwa wani gari saboda rashin yarda. Maƙeran fari da suka san dutse suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i. Waɗanda suka rage a kasuwar Kurmi ta Kano da sauran tsofaffin kasuwanni su ya kamata a fara nema a zaunar a wannan rumfa, a haɗa kowannensu da saurayi mai ilmin zamani wanda zai riƙe na'ura da littafin lissafi.